Badaru Mai Shela da Tantabarunsa

Ranar da na kusa sheƙawa lahira a kasuwar Gaya, dariya aka yi ta yi mini, har da masu tafi. Ina zaune a bencin mai shayi, na gama facin tayoyin keke uku, na jefa ɓarin goro a baki, sai wani ya ce, "Datti, yi mana shelar Badaru." Ni kuwa abin nema ya samu. Na miƙe, na toshe kunne ɗaya da yatsa, na turo ciki gaba, na ja numfashi da ƙarfi don in fito da kukan magen nan da ƙirjinsa yake yi. Goro bai zame ko'ina ba sai maƙogwarona. Idanu suka firfito, hawaye na zuba, ina nuna wuya ina ɗaga hannu, mutane kuwa sai cewa suke, "Wallahi shi ne sak! Ƙara, Datti, ƙara!" Sai da wani Bafulatani mai sayar da igiya, wanda bai san Badaru ba balle ya ga abin dariya, ya ɗirka mini dundu a gadon baya, goron ya yi tsalle ya faɗa kofin wani tela. Har yau akwai masu cewa ban taɓa kwaikwayon da ya kai na ranar ba.

Tunda na kusa ba da raina saboda mutumin, na ga na cancanci in ba da labarinsa. Taubashina ne kuma, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kansa al'ada ta ɗaure mini gindi.

Badaru ɗan Inuwa Mai Shela ne, mutumin Kukar Bappa, wani ƙauye da ke tsakanin Balan da hanyar Ajingi. Inuwa ya shekara talatin yana yi wa dagaci shela, bai taɓa riƙe ganga ko gwangwani ba. Wani tsohon turmi yake kifawa a gindin kuka, ya hau, ya toshe kunne ɗaya, ya saki murya, sai mai ban ruwa a fadama ya ɗago kai. Da ya rasu, a shekarar da aka samu mulkin kai, Badaru ya gaji turmin, ya gaji muryar. Hankalin ne dai aka binne tare da tsohon.

Tun ranar da ya fara hawa turmin nan ya daina ganin mutane da tsayinsu na gaskiya. Idan dagaci ya ce a faɗa wa jama'a su fito gyaran hanya, Badaru ba ya cewa "Dagaci ya ce", sai dai "Mun ce". Yakan kuma ƙara nasa a gindi: "Mun ce gobe kowa ya fito da fartanya. Mun kuma ce mai jar akuyar da ta cinye ramar bayan gidan Mai Shela ya kuka da kansa!" Gonarsa kuwa, sai ka yi sallama da ciyawa kafin ka ga dawa. Cewa yake sunkuyo na danne murya, mai shela ba ya noma sai dai ya duba gona. Matarsa Hansai ce take riƙe da gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi kuma yana riƙe da maƙogwaro, ya naɗe shi da wani tsumman rawani ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Da daminar shekarar da ta biyo bayan ƙidayar jama'a aka yi wata mura da ta bi gari gida-gida. Mura ce irin wadda kowa ya sani: atishawa, majina, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai ya yi nauyi kamar an ɗora maka dutsen niƙa. Mutane suka sha kunu da citta da kanumfari, masu sirace suka yi, kwana bakwai kowa ya koma gona yana fyace hanci. Badaru ma ta kama shi, don ya tsaya cikin ruwan sama yana shelar ɓatan wata saniya, ya ƙi sauka daga turmi sai da ya gama jero kakannin mai saniyar. Muryarsa ta dusashe, kwana huɗu sai raɗa.

A cikin kwana huɗun nan wani saƙo ya zo daga Gaya. Dagaci ya rasa wanda zai sa, sai ya aika aka kira Kabo. Kabo ɗan ƙanin Inuwa ne, wato ɗan'uwan Badaru na jini, mai tallan gishiri da kanwa a kan jaki, yawon kasuwanni ya wanke masa murya garau. Ya hau turmin, ya faɗi saƙon ba ƙari ba ragi, ya sauka ya kora jakinsa ya tafi. Shi a wurinsa an wuce wurin.

Badaru na kwance yana ji ta katanga, zuciya na tafasa. Ina aka taɓa ganin mura ta kama mai shela daidai ranar da saƙo zai zo? Me ya hana ta kama ƙafa, me ya hana ta kama ido, sai maƙogwaro? Wa kuma ya amfana? Kafin ya shanye kunun da Hansai ta kawo masa ya riga ya yanke shari'a: jifa ne, kuma Kabo ne ya yi shi. Mutum kamar Badaru ai ciwon talakawa bai isa ya kwantar da shi ba, dole sai an haɗa da boka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Barira, da ta shigo yi masa sannu ta ji yana wannan raɗe-raɗen, sai ta ce, "Ɗan nan, in jifa kake tsoro ka nemi tantabaru mana, ka ajiye a bayan rumbu. Gidan da suke, in an aiko da mugun abu kansu yake faɗawa, mai gida ya tsira." Wannan ba sabon zance ba ne. Rabin gidajen Kukar Bappa akwai 'yan tantabaru a bayan rumbu, cikin fasassun tukwane, ba wanda ya damu da su. Amma Badaru ya fi kowa basira. Ya ce ai jifan ba rumbu aka aiko wa ba, ba danga aka aiko wa ba, maƙogwaronsa aka aiko wa, garkuwa kuwa ba a barin ta a bayan gida a tafi yaƙi. Ranar kasuwar Ajingi ya sayo guda huɗu, ya rataye tukwanensu a azarar turakarsa, daidai saitin inda yake ɗora kai. Ya bar musu 'yar kafa ɗaya ta shiga da fita, sauran duk wata ɓula da iska ke shigowa ya cusa mata tsumma, don kada sanyi ya taimaki abokan gaba.

Murar ta warke don kanta, kamar yadda ta warke wa kowa. Badaru ya ce, "Kun gani?"

Tantabara ba ta da aiki sai ƙyanƙyasa. Kafin shekara biyu, huɗu sun zama talatin da wani abu. Ba a yanka ɗan shila a gidan, don wanda ke gadinka ba ka cin 'ya'yansa. Ba a kuma share kashinsu a zubar, kada wani ya tsinta ya kai wa boka. Sai ya bushe, Badaru ya tattara da hannunsa, ya ɗura a buhu, ya tura ƙarƙashin gado. In ka ɗaga asabarin ɗakin nan da hantsi, abin da zai fara yi maka maraba wani wari ne mai ɗumi, sannan ka ga ƙananan gashi da wani farin gari suna yawo a cikin hasken kafar. A nan yake kwana, a nan yake ƙailula, a nan yake cin tuwo yana kare kwanon da hularsa.

Sai ƙirji ya fara magana. Da fari tari ne busasshe da sassafe. Daga nan numfashi ya soma fita da wani siririn fito, kamar iska na bin tsagar ƙofa. Daga baya ya zama cikakken kuka, shiga da sauti fita da sauti, har 'yan sahun gaba a masallaci sukan so su waiga su ga ko mage ce ta shigo. Kowace mura kuma da ta ratso gari a wurinsa take sauke kaya: ta wasu kwana bakwai, tasa wata guda, da kaki da haki da dafe bango.

Duk tantabarar da ta mutu, shaida ce. Badaru zai ɗauko ta ta fiffike, ya fito ƙofar gida, ya tare duk wanda ya zo wucewa. "Ga shi nan. Da ni ne wannan. Ni aka nufa, baiwar Allah ta tare." Sai ya maye gurbinta da biyu, tunda abokan gaba sun ƙara ƙaimi. Ya daina amsa gaisuwar Kabo, ya hana Hansai sayen gishirinsa, ya ƙi zuwa sunan Hindatu, 'yar da aka haifa wa Kabon. Kabo ya turo manya har sau biyu a ji laifinsa, aka ce su koma su gaya masa ya san abin da ya yi. Haka aka bar jaki a saman gado ana ta dukan taiki.

Magani kuwa babu wanda bai sha ba, in dai ba zai taɓa tsuntsayen ba. Tafarnuwa da man shanu, zuma da masoro, sassaƙe iri-iri, sirace har fatarsa ta yi laushi kamar dafaffen zogale. An kafa masa ƙaho a ƙirji da baya har jikinsa ya koma kamar filin dara. Wata rana ya je wurin Kawu wanzami ya ce a cire masa beli. Kawu ya danne masa harshe, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Mai Shela, ai babu. Ubana ya cire maka shi tun kana jariri."

"Ya sake tsirowa."

"Beli ba yakuwa ba ce."

"To mene ne yake toshe ni? Duba da kyau. Ko kai ma an biyo ta wurinka?"

Kawu ya ga in bai yi wani abu ba za a sa sunansa cikin 'yan jifa, sai ya ɗan karce shi da aska, ya nuna masa jini a tsumma. Badaru ya koma gida da farin ciki, ya kwana uku ko koko ba ya iya haɗiya.

Ba za a ce Allah bai yi masa hannunka mai sanda ba. Mijin yayarsa Kubura ya rasu a Ajingi, ya je zaman makoki, maganar gado ta riƙe shi kwana ashirin yana kwana a zauren mutane. Kwana biyar tari ya ragu. Kwana goma kukan ya ɗauke. Ana nan ya hango wani ɗan garinsu a can ƙarshen kasuwa, ya ƙwala masa kira, har awakin da ke turke suka zabura. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya shiga turaka ya gaisa da dakarunsa. Kwana biyu, mage ta dawo.

Hansai ta ajiye masa ruwan alwala, ta ɗan tsaya. "Malam, ni fa na lura da wani abu. Ka bar ɗakin nan ka warke, ka dawo ɗakin nan ka kwanta."

"Sai yau kika yi magana mai ma'ana." Ya dakata ya ja numfashi. "Kabo bai san na tafi ba. Kwana ashirin yana aiko wa ɗaki, ba kowa. Ba don bayin Allahn nan ba, da na tarar abin ya taru ya kashe ni a bakin ƙofa."

"Ko dai su ne..."

"Su ne me?"

"Ba komai. Ruwan zai huce."

Ana tsakiyar yaƙin basasa masu lamba suka zo da allurar nan mai kama da bindiga, ta agana da ƙyanda. Dagaci ya ce a yi shela, gobe da hantsi kowace mace ta fito da 'ya'yanta gindin kuka. Badaru ya hau turmi da la'asar. "Jama'a... mun ce... gobe..." Tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta sai ƙirji ya yi nasa fiton. Ya dafe gwiwa, ya yi tari, ya ce "yara", ya sauka. Na kusa sun ji gobe, sun ji yara. Na unguwar gabas da na rugar Fulani ko labari. Washegari masu lamba suka shimfiɗa kayansu suka zauna har rana ta take tsaka, yaran da aka kawo ba su cika tabarma biyu ba. Sai da aka sake sa rana, dagaci ya sha faɗa daga sama, ya bi gidaje da ƙafarsa yana faɗa. Badaru ya ce mutanen garin ne kunnensu ya toshe.

Dagaci ya tilasta masa zuwa ƙaramin asibiti a Gaya. Ni na goya shi a keke, don haka a gabana aka yi. Malamin asibitin, wani siririn mutum mai tabarau, ya ɗora masa abin awo a ƙirji, ya saurara gaba da baya, sannan ya cire ya dube shi.

"Malam, tantabaru nawa gare ka?"

Badaru ya juyo ya harare ni.

"A ina suke kwana?"

"Inda ya kamata."

"To ga magani, zai buɗe maka ƙirji na ɗan lokaci. Amma in kana son numfashinka ka fitar da su daga ɗakin, a share, a yi sabon daɓe, a buɗe taga. Garin kashinsu da gashinsu kake shaƙa dare da rana."

Muna fita ya damƙe mini hannu. "Ka ji ko? Wa ya gaya masa ina da tantabaru? Na faɗa? Ka faɗa? Kabo na zuwa Gaya duk kasuwa. Har nan ya shigo ya saye mutum. So suke in kori masu gadina da hannuna."

Akwai gashi uku maƙale a hularsa, ga farin kashi ya bushe a rigarsa tun daga kafaɗa har aljihu. Na nuna masa. Ya kakkaɓe, ya ce wannan ba hujja ba ce. Kwalbar maganin kuwa a kwatar bakin kasuwa ya juye ta.

Saboda darajar marigayi Inuwa, dagaci bai tsige shi ba. Ya bar shi yana hawa turmi yana fito, in saƙo mai nauyi ne kuma ya bi da shi ta bakin masu unguwa a ɓoye. Badaru bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi mutane ke jin shelar da shi ma da ƙyar yake jin ta ba. Ya ɗauka kwarjini ne.

Rufin asirin ya ƙare da bazarar saba'in da biyu, lokacin canjin hannu. Gwamnati ta ce daga ranar Lahadi mota da keke su bar hagu su koma dama. Kukar Bappa dai mota ɗaya ke ratsa ta a mako, ita ma tsakiyar hanya take bi, amma umarni umarni ne: a yi shela ranar kasuwar ƙauyen, a gaban manzon da za a turo daga Gaya. Dagaci ya kira Badaru zaure, ya sallami kowa.

"Badaru, ubanka ya yi wa ubana aiki, shi ya sa nake ta kawar da kai. Saura kwana tara. Manzo zai tsaya a bakin rijiya. In bai ji ka daga can ba, a take zan kira Kabo, kuma wannan karon ba aro ba ne. Ka fitar da tsuntsayen nan."

"Ranka ya daɗe, ai su ne suka..."

"Na gama magana."

Da wani ne ya ji wannan, da sai ya koma gida ya ɗauki tsintsiya. Badaru sanda ya ɗauka, ya nufi Kademi, don an ce masa akwai mai farar tantabara fat, marar ɗigo ko ɗaya, wadda ita kaɗai ta fi goma tare jifa. Tafiyar kwana biyu ce a wurin mai ƙirji irin nasa.

Yana ba da baya Hansai ta aika wa ƙaninta Maikuɗi a Ajingi, ya zo da jaki da kwanduna. Da sassafe suka toshe kafar, suka kame su tas, arba'in da shida, Maikuɗi ya ɗaure ya yi gaba da su. Hansai ta ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ɗankwali, ta kira matan maƙwabta. Buhu goma sha ɗaya suka jawo daga ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, aka kai gona aka jibge. Suka sauke tukwane, suka zare tsummokara, suka fasa kafar ta zama taga, suka yayyafa ruwa suka yi sabon daɓe. Har tsohuwa Barira ta zo da sandarta tana kallo tana cewa, "Ni dai bayan rumbu na ce. Allah shaida, ban ce saman gado ba."

Badaru ya dawo da farar tantabara a aljihun riga. Ya ɗaga asabari ya ga ɗaki fayau, haske har ƙuryar da bai taɓa ganin bangonta ba. Ya so ya yi ihu, numfashin bai kai ba. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Kin kashe ni, Hansai. Kin buɗe musu ƙofa."

"Taga dai na buɗe maka. Kwana bakwai nake roƙo, Malam. In ranar kasuwa muryarka ba ta fito ba, ni da kaina zan je in ɗauko su a ka."

Ba shi da yadda zai yi, ya kwana yana jiran mutuwa. Ba ta zo ba. Washegari ma ba ta zo ba. Kwana uku ya ji kamar an sassauta masa wata ɗamara da ta shekara takwas a ƙirji. Da safiyar na huɗu ya lallaɓa bayan rumbu, ya duba ba kowa, ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Jama'a!" Wata kaza da ke tono ta watsa da gudu. Bai kai na da ba, amma murya ce, ta mutum. Ya daɗe tsaye a wurin. In haka ne, to malamin asibiti ba saye shi aka yi ba. In haka ne, Kabo bai taɓa yi masa komai ba, shekara takwas ke nan yana gaba da ɗan'uwansa a kan kashin tsuntsu, gari duka na kallo. Tunanin ya zo har bakin zauren zuciyarsa ya yi sallama. Badaru ya ƙi ba shi tabarma. Bai kuma gaya wa kowa abin da kazar ta ji ba.

Hansai gwanar man gyaɗa ce, Maikuɗi kuma manomi, ba wanda ya san halin tantabara a cikinsu. Ba su san sai an fige mata fiffike take zama a baƙon wuri ba. Maikuɗi ya ga sun kwana huɗu a kwando suna cin geronsa, ya ce ai sun saba, ya buɗe su sha iska. Kafin la'asar sama ta yi duhu a kan gidan Mai Shela. Suka yi shawagi biyu, suka sauka a kan katanga, suka soma shiga ta sabuwar tagar nan da aka faɗaɗa musu.

Badaru ya fito da gudu ba hula, hawaye na bin gemu. "Allahu akbar! Daga Ajingi! Ba jagora, ba guzuri! Ku zo ku shaida, jama'a! An kore su sun ƙi, don sun san abin da ake shirya mini!" Hansai na tsaye da ludayi a hannu tana kallon ikon Allah. Shi da kansa ya hau gado ya mayar da tukwane, ya cushe tagar da tsumma ya bar 'yar kafa. Sannan ya tuna da buhunan da aka bari a fili inda kowane maƙiyi zai iya ɗiba, ya tafi gona ya dinga ɗauko su a ka, ɗaya bayan ɗaya, gari na zubo masa a fuska. Shekara goma sha biyu rabon da a ga ya yi aiki irin wannan a gonar.

Ranar kasuwa manzo ya zo da wandon kaki, ya tsaya a bakin rijiya ya harɗe hannu. Badaru ya fito cikin rigar ubansa, aka kifa turmi, ya hau da ƙyar. Kasuwa ta yi tsit. Ya toshe kunne.

"Jama'a..."

Fito ya biyo baya, dogo, siriri.

"Mun ce... daga Lahadi... hannu..."

Tari ya turnuƙe shi. Ya tsaya baki buɗe, kafaɗu na hawa da sauka, kamar tarwaɗar da aka jefo bakin tafki. Wata mai daddawa ta ce, "Hannun wa kuma?" Dariya ta ɓarke daga rumfar mahauta har wurin masu tukwane. Manzo ya kara tafi a kunne, ya girgiza kai. Dagaci ya dubi inda jakin gishiri yake.

Kabo ya kakkaɓe hannu ya taso. Ya miƙa wa Badaru hannu ya ce, "Yaya, sauko in riƙe ka." Badaru ya buge hannun, ya sauko da kansa yana tangaɗi. Kabo bai hau turmin ba. A ƙasa ya tsaya ya ce, "Dagaci ya ce a gaya muku," ya faɗi saƙon sau biyu, har masu wanki a bayan rijiya suka ɗago kai. Kafin a watse Badaru ya kwantar da turminsa ya mirgina shi har gida, yana tsayawa kowane taku goma.

Shekara biyar ke nan yanzu. Tantabaru sun haura sittin. Hansai ta mayar da murhunta can ƙarshen gida, tuwo ma a bakin ƙofa take ajiye masa. Badaru ya rame, wuya ya shige cikin kafaɗu, kalma uku yake samu a numfashi ɗaya. Kullum da hantsi yana ƙofar gida a kan turmin, yana watsa dawa, suna sauka a gwiwarsa. Kwanan baya na biyo ta nan daga Balan, na ga bai kamata in wuce taubashina haka kawai ba, na dafa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Mai Shela na da! Ya masu gadi?"

Ya ɗaga kai, ya ci gaba da watsa dawa.

"Ni fa abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kabo ya samu abin da ka ce yana nema, har ya fara furfura a kai. To me kuma yake jifa? Ko ya manta bai gaya wa bokansa an tashi daga wasan ba? Ka sallami rundunar nan mana ka sha iska kamar kowa. In kunya kake ji, ba ni su in kai wa iyali a yi farfesu, ba wanda zai ji."

Ya dube ni tun daga hula har feda. Ya dafa gwiwa, ya ja numfashi sau uku yana tara shi kamar mai ɗibar ruwa a rijiyar da ta kusa ƙafewa.

"Datti... ni da rabin numfashi... in na hau turmin nan... kasuwa tsit take yi. Kai da huhu biyu lafiyayyu... shekara arba'in kana surutu... wa ya taɓa ajiye ludayinsa don ya ji me za ka ce?"